Kilim ya ƙone, kamfanin asurans ya ƙi biya

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa saukar ruwan farko, ba sai an gaya wa mutumin Yamai, ko na Tawa, ko na Maraɗi, ko na Damagaram abin da ake kira bazara ba. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan wuce daraja 40 kusan kowace rana, har dare ya raba bangon ɗaki bai huce ba. A da, na'urar sanyaya ɗaki, wadda jama'a ke kira kilim, kayan manyan ma'aikatu ce da gidajen manyan ma'aikata. Yau ta zama kayan aiki. Mai kantin magani yana bukatarta domin magunguna da yawa ba su jure zafi, ƙaramin asibiti yana bukatarta a ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa, mai masauki ba ya samun baƙo a bazara in babu ita, ɗakin da aka jera kwamfutoci kuma ba ya daɗewa yana aiki sai da ita. To, a daidai lokacin da aka fi bukatarta ne ta fi lalacewa, domin ita ma zafin yana gajiyar da ita, wutar lantarki kuma tana yawan ɗaukewa da dawowa.

Akwai mutanen da suka yi hangen nesa, suka ɗauki asurans, wadda maƙwabta na Nijeriya ke ce wa inshora, a kan gida ko kanti da kayan da ke ciki. Kowace shekara suna zuba kuɗinsu ba fashi. Ranar da kilim ya tsaya, sai su kira mai gyara, ya gyara, su biya shi, su ɗauki faktir su kai wa kamfanin asurans da zaton za a mayar musu da abin da suka kashe. Bayan makonni sai wasiƙa ta iso, layi biyar ko shida cikin Faransanci mai ladabi, tana cewa kamfani yana baƙin cikin sanar da su cewa wannan asarar ba ta cikin abin da ya ɗauki nauyi. Mafi yawa sukan naɗe wasiƙar su jefa cikin akwati, su ce ƙaddara ce, wasu su ƙara da Allah ya isa, daga nan kuma su daina sabunta asurans ɗin gaba ɗaya.

Haƙuri halin kirki ne, amma a wannan wurin yakan jawo wa mutum asarar haƙƙinsa. Wasiƙar ƙin biya ra'ayin ɓangare ɗaya ne daga cikin ɓangarori biyu da suka sa hannu a kan yarjejeniya. Wani lokaci ra'ayin daidai ne, wani lokaci kuskure ne, kuma doka ta tanadi hanyoyin da za a bi a gane wanne ne.

Dokar da ake magana a kai ba ta Nijar kaɗai ba ce. Ranar 10 ga watan Yuli na shekarar 1992, a birnin Yawunde na Kamaru, ƙasashen Afirka masu amfani da kuɗin sefa, har da Nijar, suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar CIMA, mai mazauni a Libreville ta Gabon. Kundin dokokin asurans na wannan ƙungiyar ya fara aiki a shekarar 1995, kuma shi ne ya tsara abin da ke kan kamfani da abin da ke kan mai biyan kuɗi, a Yamai kamar yadda yake a Dakar ko Abijan. A sama akwai hukumar yanki mai binciken kamfanoni, a kowace ƙasa kuma akwai sashen kula da asurans a ma'aikatar kuɗi. Ayoyin farko na kundin, waɗanda suka shafi yarjejeniya tsakanin kamfani da mutum, ba su da yawa, kuma duk wanda ya iya karatu zai iya fahimtar manufarsu idan aka bayyana masa.

Tushen rigimar kilim kusan kullum ɗaya ne: haɗari ne ya kashe na'urar, ko tsufa? Asurans tana ɗaukar nauyin abin da ya faɗo ba zato, kamar gobara, ko tsawa, ko wutar lantarki da ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Abin da kowa ya san zai faru ko ba daɗe ko ba jima, wato gajiyar ƙarfe da lalacewar kaya saboda shekaru, ba ta ɗaukarsa. Aya ta 37 ta kundin ta ce asarar da ta samo asali daga aibin da ke jikin kayan kansa ba ta kan kamfani, sai in an yi yarjejeniya ta daban. Wannan ba zalunci ba ne. Wanda ya sayi kilim shekara goma da suka wuce, bai taɓa wanke matatarsa ba duk ƙurar hunturu, ba zai nemi kuɗin sauran masu biya su sabunta masa shi ba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ranar sa hannu. Asurans ta gobara kaɗai ba lalle ta shafi na'urar da wutar lantarki ta ƙona daga ciki ba tare da harshen wuta ya tashi ba. Irin wannan ɓarnar tana da nata babin, wanda takardun ke kira "dommages électriques", kuma sau da yawa ƙari ne da ake zaɓa a biya masa kuɗi dabam. Masu masana'antu da manyan masaukai suna da wani babin, na karyewar injuna. Mutumin da bai ga ɗaya daga cikin waɗannan a rubuce a shafin da ke ɗauke da sunansa da adadin kuɗinsa ba, to tun daga nan maganarsa ta yi rauni. Haka nan ma'aikacin da kilim na motarsa ya lalace ya je da takardar asurans ta dole, wadda jandarma ke tambaya a kan hanya: waccan tana biyan ɓarnar da motar ta yi wa wasu ne, ba ruwanta da sanyin cikin motar.

Idan kuwa babin wutar lantarki yana cikin yarjejeniyar, sai a koma ga tambayar farko, kuma a nan ya kamata a tsaya, domin a nan ne masu gaskiya da yawa ke faɗuwa. Kilim yana da zuciya, ita ce kwamferesa, injin da ke matsa gaz yana zagaya da shi tsakanin ɓangaren da ke cikin ɗaki da wanda ke waje. Yana da kwandansata mai taimaka wa injin tashi, sababbin kuma suna da katin lantarki mai sarrafa aikin duka. Kowane ɗaya yana da irin mutuwarsa. Wutar da ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, ko tsawar da ta bi waya a farkon damina, takan ƙona katin nan take, ta bar baƙin tabo da ido ke gani, kuma sau da yawa takan haɗa da wasu kayan gidan, firigo ko talabijin, a cikin sa'a guda. Wutar da ta yi rauni kuma, wadda ba ta kai volt 220 da na'urar ke bukata ba, takan sa injin ya ja da wahala har wayoyin tagulla na cikinsa su yi zafi su ƙone. Haka ma idan wuta ta ɗauke ta dawo cikin ɗan lokaci, injin ya tashi kafin matsin gaz ya sauka, abin da ya sa masu gyara ke cewa a jira minti uku. Amma injin yana iya ƙonewa ta wata hanyar da ba ruwan wutar gari: gaz ya zurare a hankali ta wata ƴar ɓula, ko ƙura ta toshe ɓangaren waje, injin ya yi ta aiki cikin zafi wata da watanni har ya gaji. Daga waje duk mutuwa ɗaya ce, ɗaki ya daina sanyi. Daga ciki kuwa, gwanin da ya buɗe ya auna yana iya bambancewa.

Ke nan shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce gawar kayan da ya ƙone. Abin takaici, ita ce ake fara rabuwa da ita. Mai kanti yana cikin zafi, magani yana lalacewa, ba zai jira ba. Mai gyara ya zo ya cire tsohon kwamferesa ya sa sabo, ya ɗora tsohon a bayan babur ya tafi da shi, domin tagullar da ke ciki tana da masu saye. Bayan kwana goma gwanin kamfani ya iso ya tarar da kilim yana aiki lafiya lau, babu abin dubawa. Me zai rubuta? Zai rubuta cewa ba a iya tabbatar da sanadin lalacewar ba. A ƙa'idar shari'a, wanda ke neman a biya shi ne ke nuna cewa abin da ya faru yana cikin abin da aka yi alkawari. Wanda ya bar shaidarsa ta tafi kasuwar tsofaffin ƙarafa ya yi wa kansa, ko da kuwa tsawa ce ta faɗo a gaban shaidu.

Ba a ce mutum ya zauna cikin zafi har sai gwani ya ga dama ba. Abin da ake bukata bai fi aikin rabin sa'a ba. A ɗauki hoton na'urar da lambarta kafin a taɓa ta, da hoton tabon ƙuna bayan an buɗe. A rubuta ranar da sa'ar da abin ya faru. A riƙe duk abin da aka cire, a ajiye a gida. A sa mai gyara ya rubuta abin da ya gani da abin da yake ganin ya jawo shi, ya sa hannu da hatimi, ya ware kuɗin kaya dabam da kuɗin aiki. Idan maƙwabta ma sun yi asara a wannan daren, a rubuta sunayensu. Mai gyaran da ba shi da faktir mai hatimi yana iya zama gwani a aikinsa, kuma yana iya fin kowa araha, amma ƴar takardar da ya yaga daga littafin makaranta ba ta da nauyi a teburin kamfani.

Dalili na biyu da kamfanoni ke kafa hujja da shi shi ne jinkiri. Aya ta 12 ta wajabta wa mai asurans ya sanar da kamfani da zarar ya san asarar, cikin wa'adin da yarjejeniya ta yanka, kuma ta ce wa'adin ba zai gaza kwana 5 na aiki ba. Ga sata an rage shi zuwa sa'a 48. Mutane da yawa sukan kira wakilin da ya sayar musu da asurans ta wayar tarho, ya ce ba komai, a kawo faktir in an gama. Maganar baka ba ta barin sawu. Sanarwa a rubuce ake yi, kofi biyu, a buga wa ɗaya hatimin kamfani da kwanan wata a dawo da shi gida. Sai dai kuma dokar ba ta bar wanda ya makara a hannun kamfani ba. Aya ta 20 ta ce ba a soke haƙƙin mutum saboda jinkirin sanarwa sai in yarjejeniya ta tanadi haka, kuma kamfani ya tabbatar cewa jinkirin ya jawo masa asara. Idan abin da ya fi ƙarfin mutum ne ya hana shi, ba a soke shi sam. Wasiƙar da ta ce an makara da kwana uku, ta tsaya nan, ba ta cika sharaɗin doka ba. Wajibi ne ta faɗi wace asara kwana ukun suka jawo.

Game da abubuwan da aka ware daga alkawari, doka ta fi tsanani ga kamfani. Aya ta 11 ta ce asarar da ta faru ba zato, ko ma wadda kuskuren mai asurans ya jawo, tana kan kamfani, sai in akwai warewa bayyananniya mai iyaka a cikin yarjejeniyar. Abin da kawai ba ya kan kamfani ko ta yaya shi ne ɓarnar da mutum ya yi da gangan. Aya ta 8 ta ƙara da cewa sharuɗɗan warewa da na soke haƙƙi ba su da ƙarfi sai an rubuta su da haruffan da suka fito fili ƙwarai. Ma'anar wannan a aikace tana da girma. Sharaɗin da aka ɓoye cikin ƙananan haruffa a shafi na ashirin, wanda bai bambanta da sauran rubutun ba, ana iya ƙalubalantarsa. Kalma mai faɗi kamar "rashin kulawa", wadda ba a bayyana wace kulawa ake nufi ba, ko sau nawa a shekara, ita ma ana iya tambayar ko tana da iyakar da doka ke nema. Kuma a nan nauyin hujja yakan juya: kamfanin da ya ce tsufa ne ko rashin kulawa, shi zai nuna. Faɗa ba ta isa ba, sai da rahoton gwani.

Akwai ƙofa ɗaya da in ta rufe babu mabuɗinta. Tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 a shekarar 2011, asurans ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. An bar ɗan sassauci ga wasu manyan yarjejeniyoyi, amma bai shafi mai gida ko ƙaramin ɗan kasuwa ba. Wanda wa'adinsa ya ƙare a ƙarshen Maris ya ce sai albashi ya fito, kilim ya ƙone ranar 5 ga Afrilu, ba shi da abin nema, komai yawan shekarun da ya yi yana biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani lokaci kamfani bai ƙi ba, amma abin da ya bayar ya yi kama da ƙi. A ɗauki misali, da lissafin da aka ƙaga domin bayani kawai. Gyara ya ci jika 120. Yarjejeniya ta ce ana cire kashi 10 cikin 100 a kowace shekara saboda tsufa, kilim kuma ya shekara 3, sai a cire jika 36. Ta kuma ce akwai kason da ke kan mai kaya a kowace asara, wanda ake kira "franchise", jika 25. Abin da ya rage jika 59 ne, bai kai rabi ba. Mai kaya zai ji an cuce shi, alhali abin da ya sa wa hannu ne aka bi. Idan kuma ya bayyana kayansa a kan miliyan 2 domin kuɗin shekara ya yi sauƙi, alhali darajarsu miliyan 4 ce, aya ta 35 ta ba kamfani damar biyan rabi kawai, sai in an yi yarjejeniyar akasin haka. Wannan yakan sami wanda ya ɗauki asurans yana da kilim biyu, daga baya ya ƙara uku bai sanar ba. Abin da ya dace a nema a nan shi ne lissafin dalla-dalla, domin kuskure yana shiga: a cire kason tsufa har a kan kuɗin aikin mai gyara alhali takarda ba ta ce haka ba, ko a ƙirga shekarun na'ura fiye da yadda faktir na saye ya nuna.

To, wanda wasiƙar ƙi ta iso masa, kuma ya duba ya ga yana da magana, ina zai dosa? Da farko ya mayar da amsa a rubuce, cikin natsuwa, ba zagi ba barazana. Ya nemi a faɗa masa lambar sharaɗin da aka dogara a kai, a kuma ba shi kofin rahoton gwani. Ya haɗa hotunansa da rahoton mai gyara da faktir na saye. Wanda bai iya Faransanci ba ya nemi wanda zai rubuta masa, amma ya sa a karanta masa kafin ya sa hannu. Wasiƙar ta tafi ta gidan waya da rajista, tare da takardar shaidar karɓa. Wannan ba ado ba ne. Aya ta 28 ta ce duk wata ƙara da ta taso daga yarjejeniyar asurans tana mutuwa bayan shekara 2 daga ranar abin da ya haife ta, aya ta 29 kuma ta lissafa wasiƙa mai rajista da shaidar karɓa, da naɗa gwani, cikin abubuwan da ke katse wannan ƙidayar. Mutumin da ya yi shekara biyu yana zarya ana ce masa ya dawo jibi, ba tare da ya aika ko layi ɗaya ba, zai wayi gari haƙƙinsa ya mutu a tsaye.

Gwanin da kamfani ya aiko, kamfani ne ke biyansa. Wannan bai sa ya zama maƙaryaci ba, amma bai sa ya zama alƙali ba. Galibin yarjejeniyoyi sun ba mai asurans damar kawo nasa gwanin da kuɗinsa, in biyun suka saɓa a naɗa na uku, a raba kuɗinsa. A nan hankali ke aiki: ba a ɗaukar gwanin jika 100 domin neman jika 60. Amma ga asibiti ko masaukin da na'urori goma suka ƙone a dare ɗaya, hanya ce mai amfani. Wanda ya ɗauki asurans ta hannun dillali, wato "courtier", ya tuna cewa dillalin wakilinsa ne shi, ya ci lada a kan kuɗinsa, kuma ranar asara ce ranar da ya kamata ya yi aikin ladan. Idan duk wannan bai yi ba, akwai sashen kula da asurans na ma'aikatar kuɗi, inda ake iya kai kuka a rubuce, kuma kamfanin da ke aiki da izinin hukuma ba ya wasa da tambayar da ta fito daga can. Kotu ita ce ta ƙarshe. Aya ta 30 ta sauƙaƙa wa mutanen jihohi, domin ta ba da hurumi ga kotun wurin da mai asurans yake zaune ko inda kayan suke. Mutumin Tasawa ko na Konni ba sai ya bi kamfani har Yamai ba.

Akwai masu cewa tun da wutar gari ce ta yi ɓarnar, kamfanin wuta za a bi. Gaskiya ne wutar ƙasar nan ta sha wahala. Shekara da shekaru mafi yawanta daga Nijeriya ta riƙa zuwa, ta layin Birnin Kabi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram, kuma kowa yana tune da watannin da aka katse ta, daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Amma wanda ke da asurans ta ɓarnar lantarki ba aikinsa ba ne ya nemo mai laifi kafin a biya shi. Aya ta 42 ta ce kamfanin da ya biya yana hawa matsayin wanda ya biya wa, ya bi duk wanda ya jawo asarar. Kamfanin asurans da ya ce wa mutum ya fara zuwa wurin masu wuta ya juya tsarin ne. Abin da ke kan mai kaya shi ne kada ya sa hannu a kan wata takardar yafewa da za ta toshe wa kamfani wannan hanyar. Haka nan kilim sabo da ya mutu cikin wa'adin garanti, maganarsa tana wurin mai sayarwa, wanda kuma gyaran banza ya kashe, tana wurin mai gyara.

Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kamfanoni suna da dalilin yin zargi. Ana kawo musu faktir da aka kumbura, ana kawo tsohuwar na'urar da ta mutu tun bara a ce tsawar jiya ce, ana haɗa baki da mai gyara a raba. Duk mai yin haka yana satar kuɗin maƙwabcinsa mai biya da gaskiya, kuma shi ne ya sa ake kallon kowane mai nema da idon tuhuma. Doka ba ta kare shi, kuma bai kamata ta kare shi ba.

Duk da haka nauyi mafi girma yana kan wanda ya rubuta yarjejeniyar. Kamfani yana da lauyoyi da gwanaye, ya san abin da kowace kalma ke nufi, ɗaya ɓangaren kuwa sau da yawa ɗan kasuwa ne da ya koyi karatu da girmansa a ajin yaƙi da jahilci, yana karanta Hausa sarai amma Faransancin shari'a ya fi ƙarfinsa. Aya ta 6 ta wajabta a ba mutum takardar bayani a kan farashi da abin da aka ɗauka da abin da aka ware, tun kafin ya sa hannu. Bayanin da wanda aka yi dominsa ba zai iya karantawa ba bai cika manufar wannan ayar ba, ko da ya cika harafinta. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu abin da ya hana kowane kamfani buga shafi ɗaya tak, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan abokan cinikinsa, mai faɗin abu huɗu ko biyar: abin da ake biya, abin da ba a biya, kwana nawa ake da su, da kuma cewa kada a rabu da kayan da ya ƙone. Kuɗin wannan shafin bai kai na kwamferesa ɗaya ba. Haka nan wasiƙar ƙi ya kamata ta ɗauki lambar sharaɗi da dalilin gwani da adireshin inda ake kai kuka, ba tare da an roƙa ba. Kamfanonin da ke kukan cewa mutanen ƙasar nan ba su ɗaukar asurans sai ta mota, wadda doka ta tilasta, su duba yawan labaran da wasiƙa ɗaya marar bayani ke haifarwa a majalisar unguwa da rumfunan kasuwa.

Magana ta ƙarshe ta shafi ma'aikatan da aka ba amanar kayan gwamnati da na ƙananan hukumomi, domin su ma suna karɓar irin wannan wasiƙar, kuma su ne suka fi saurin naɗe ta, tun da kuɗin ba daga aljihunsu yake ba. A ma'aikatu da yawa, idan aka nemi faktir na sayen na'ura ko takardar da ke nuna ranar da aka wanke ta, sai a yi ta buɗe kabad ana rufewa. Littafi ɗaya mai shafi ɗari ya isa ma'aikata guda: kowane kilim da shafinsa, da lambarsa, da ranar saye, da ranar kowace wanka da sa hannun wanda ya yi ta. Ranar da gwanin kamfani ya ce rashin kulawa ne, wannan littafin ne zai ba shi amsa. Watan Fabrairu, kafin zafi ya kama, shi ne lokacin buɗe shi, tare da ciro yarjejeniyar asurans a duba ranar ƙarewarta da ko babin ɓarnar lantarki yana ciki.